Gari Cikin Gari

Ƙarfe tara da rabi, hawa na huɗu.
Sendai ta rage fitilunta,
dusar ƙanƙara na sauka kan kekunan ɗalibai
kamar wadda ba a jira a gida.
Daga ni sai ɗan farin gari a gindin kwalba,
bai isa ya rufe farcen jariri ba.

Ranar da na fara zuwa, Farfesa Kuwabara ya ce:
Chizuru, kada ki raina shi.
Garin nan da kike gani, gari ne sukutum,
da lunguna, da ƙofofi marasa ƙyaure.
Ƙarfe ke riƙe kusurwa, sinadari ya zama azara,
ɗaki kan ɗaki kan ɗaki, duk girma ɗaya,
babu kowa ciki.
Da za a shimfiɗa bangayen cokali guda
sai su nemi rufe filin ƙwallo.
Ya faɗa, ya koma ga shayinsa da ya huce.

Aikina saukar da baƙi.
Ƙwayoyi ne da ke kwana a naɗe
kamar mage a daren sanyi.
Akwai hasken da ido ba ya gani;
in ya taɓa su sai su warware, su yi miƙa,
su ɗauki launi.
A cikin ruwa haka suke yi, ba gardama.
A garin nan kuwa, shiru.

Wata bakwai ina haska su.
Fari na zuba, fari na kwashe.
Na zargi fitila, aka canja fitila.
Na zargi damshi, na zargi hannuna,
na zargi Nobuhiro da ke aron cokulana ba ya wankewa.
Littafina ya cika da kalma ɗaya:
babu, babu, babu,
har rubutuna ya fara ƙanƙancewa don kunya.

Sai wata Talata a jirgin safe daga Natori.
An cusa mu, kafaɗa cikin kafaɗa,
laimar wani na sokin haƙarƙarina.
Muka hau gada, rana ta faɗo ta taga
daidai kan wuyana, da ɗumi,
na so in juya in gan ta.
Ina!
Ko hancina ban iya sosawa ba.
Na tsaya ƙiƙam har tasha,
ina ta dariya a ciki, mai zafi.

Ashe ba kurame ba ne.
Sun ji kiran tun ranar farko.
Ni ce mai masaukin da ta yi zari,
na cika kowane ɗaki har baki
na ce su yi miƙa.

Yau kashi ɗaya cikin uku na saukar.
Sauran ɗakunan na bar wa iska.
Na sa tabarau, na ja baƙin labule,
na danna.
Ɗaya. Biyu. Agogon bango na tauna daƙiƙa.
A ta goma sha ɗaya gefen garin ya yi duhu,
a ta ashirin
shunayya ta bi shi lungu-lungu
kamar labari a unguwa.

Ban yi ihu ba. Ƙafata ce ta ƙi ɗaukata.

Tsoho Yaegashi mai gadi ya leƙo da makullansa.
Na ce zo ka gani. Ya sunkuya, ya daɗe.
Ya ce, launin gautan da matata ke jiƙawa a gishiri,
ranar da ta dace.
Ya ce, zai zauna haka?
Na ce a'a, kafin safiya za su sake naɗewa,
sai an sake kira.
Ya gyaɗa kai, kamar ya san irinsu.

Jirgin ƙarshe ya wuce ni.
Na buɗe littafin, ƙarƙashin babu ta ƙarshe,
na rubuta lokaci, da nauyi, da zafin ɗaki,
da manyan baƙaƙe.
Cokalin Nobuhiro ne ma na yi aikin da shi.
Gobe zan wanke in mayar masa.